Wankan Jegon da Na Yi wa Mai Hannu Takwas

A gar ta Bamako, wato tashar mota, Lawali ya ce mu tsare kaya, zai je ya kama ruwa ya dawo. Yau shekara uku ke nan. Ina fata dai ya samu sauƙi.

Lawali ɗan kamasho ne na garin Ɗan Issa. Shi ya tara mu, mu huɗu, masuntan tafkin Madarumfa, ya ce akwai manyan jiragen kamun kifi a Sanagal da ke neman irinmu ido rufe. "Baba Mati," in ji shi, "ruwa ai ruwa ne. Wanda ya iya tafki ya iya teku." Na yarda don ina son in yarda. Kifi ya ja baya a tafki, birgina, tarun da nake jefawa, ya tsufa, ni ma haka.

Da muka kwana biyu kan benci babu Lawali babu dalilinsa, sauran ukun suka juya gida. Ni na kasa, kuma bakina ya ja mini. Kafin in taso sai da na tsaya bakin tafki gaban jama'a na ba maƙwabcina gorata ta shiga ruwa da birgina kyauta, na ce ni da ƙananan karfasa sai a lahira. Wanda ya cika baki haka, da wane ido zai koma bayan kwana shida? Sai na ci gaba da tafiya yamma, ba don na san inda za ni ba, don dai gabas akwai masu dariya.

Wani direban kamyo mai ɗauke da albasa ya kai ni Kayes. Garin nan ban san abin da ya yi wa rana ba, amma ba ta yafe masa ba. Na kwana huɗu ina sauke buhuna. Akwai wata tsohuwa mai sayar da shinkafa bakin hanya, kullum in ta kusa tashi sai ta kankare ƙanzon tukunya ta yafa masa miya ta turo mini da ƙafar murhu. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Har na bar garin ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da sunan Mai Ƙanzo, Allah Ya san wadda nake nufi.

A kan iyaka wani jandarma ya juya katina ya tambaye ni sana'a. Na ce masunci. Ya kira abokinsa ya zo ya ga masunci daga Nijar. Suka yi dariya har da dafa mota, sannan suka ce in wuce, wai teku na jirana.

Tana jirana kuwa. A Mbur na same ta, kuma ran da na fara shiga kwale-kwalen mutanen wurin na gane Lawali bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na buta ba. Tafkinmu in ka shiga yana zaune ne kamar mutumin kirki. Wannan kuwa tashi yake ya ɗaga ka sama ya sake ka. Na amayar da abin da na ci, na amayar da na jiya, na shiga amayar da ƙanzon Kayes. Ina kwance cikin jirgi sai wani ya fizgo igiya ya yar da wani abu kusa da fuskata. Na ɗauka kayan cikin rago ne, har sai da kayan cikin suka buɗe ido suka miƙo hannu suka naɗe mini wuyan hannu. Ni da ban cika kai Ƙulhuwallahu ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba, ran nan Ayatul Kursiyyu ta fito mini tas.

Abin nan shi suke kira pulpu. Kai ne kamar jakar fata, hannuwa takwas, ba ƙashi ko ɗaya. Shi ne dukiyar garin, Turawa da mutanen gabas mai nisa ke saye. Da muka fito gaɓa mai jirgin ya dafa kafaɗata ya yi mini magana mai tsawo cikin Wolof. Ban ji ko kalma ba, amma na gane kar in dawo.

Ina zaune kan yashi ina zagin Lawali da kakanninsa da ƙarfi sai na ji an ce daga bayana, "Kai, wanga zagi na Katsinawan Maradi ne. Tashi mu ga."

Alhaji Idi ke nan, mutumin Tasawa, mai gasa nama a bakin kasuwa. Shekararsa ashirin a garin. Ya ba ni tabarma a bayan rumfa, ya ba ni wuƙa da buhun albasa. Fiye da shekara ina yanka albasa ina fifita wuta. Amfanin albasa guda ne ga baƙo, in ka tuna gida ido ya kawo ruwa ba wanda zai tambaye ka.

Cikin masu sayen nama akwai wata Madam Fatu, mace siririya mai tabarau, ba ta girmi ɗiyata da shekara goma ba. Malamar bincike ce, pulpu take karanta. Ran nan ta ce wa Alhaji tana neman dattijo wanda ya san ruwa kuma ba ya yawo. Alhaji ya nuna ni da wuƙa bai ko ƙifta ido ba. "Wanga da kike gani sarkin ruwa ne a garinsu." Allah Ya yafe masa, ni na ci amfanin ƙaryar.

Wurin aikin wani tsohon gida ne a bakin teku. Tankuna uku na gilashi, kowane da tulu kwance a ciki, irin tulun da matan garin ke ginawa masunta su nutsar a teku don pulpu ta samu ɗakin haihuwa. Cikin kowane tulu akwai uwa guda. Tanki na farko ruwansa da ɗumi, na biyu daidai da teku, na uku akwai injin da ke sanyaya shi. Aikina in wanke, in duba famfo, in kuran, wutar lantarki, ya ɗauke in tayar da gurup, injin wuta, da gudu. Yarjejeniyarmu ci da wurin kwana, in ƙwai na tanki uku duk sun ƙyanƙyashe aiki ya ƙare, ta yanka mini tikitin kar, babbar bas, har Maradi.

Lakwal, makarantar boko, shekara biyu na yi, ita ma rabinta a kan bishiyar mangwaron mushe, malaminmu. Faransancina na tasha ne, Wolof ɗina na kasuwa. Amma Madam tana da haƙuri, tana magana a hankali tana haɗawa da hannu. Ta ce so take ta san kwana nawa ƙwai ke yi a kowane irin ruwa, don masunta su san lokacin da za su ba teku hutu da tsawon hutun. In an buɗe kamu da wuri, sai a kwashe uwaye a kan ƙwai, baɗi a rasa na kamawa. Wannan na gane shi sarai, don mu ma haka muka yi wa tafkinmu.

Ta ce mini pulpu zuciya uku gare ta. Na ce, "Madam, ni guda ɗaya gare ni ta ishe ni wahala." Ta nuna mini ƙwan ƴar'uwarta kalamar a cikin kwalba, farare kamar yatsu, ta ce ita wannan zubawa take ta kama gabanta. Na ce to wannan halin maza ta ɗauko. Na faɗa ina dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ita pulpu ba haka take ba. Tana rataye ƙwanta a rufin tulu zare-zare kamar zangarniyar gero, ta zauna ƙarƙashi ta tare ƙofa. Wuni tana shafa su da hannu, tana hura masu ruwa. Ba ta fita, ba ta ci. Na taɓa miƙa wa ta tankin farko ƙaguwa, ta sa hannu ɗaya ta ture ta waje kamar an kawo mata tuwo gidan makoki. Da ƙwanta suka fashe, ƴaƴa suka cika ruwa ƙanana kamar tsakin gero, bayan kwana kaɗan na iske ta fari fat a bakin tulu. Ta biyu ma haka.

"Haka aka halicce su, Pa Mati," in ji Madam. "Haihuwa ɗaya suke yi."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce boko dai boko ne. Mace ta haihu, ba kunun kanwa, ba nama, ba ruwan zafi, a bar ta tsundum cikin ruwan sanyi, sannan a ce halitta ce? Ko a garinmu maijegon da ba ta yi wanka ba sanyi ke shigarta.

Saura ta tankin sanyi, kuma ita ce mai nawa. Cikin haka Hajo, uwar gidana, ta kira ni a tarhon Alhaji. Bayan gaisuwa ta ce, "Yarinyar nan an kawo ta goyon ciki. Wata bakwai."

Yarinyar nan ɗiyata ce ta fari, shi ya sa ba za ku ji sunanta a bakina ba. Ran da aka haife ta ina Najeriya cin rani. Hajo ta kwana biyu tana naƙuda, sai bayan suna na samu labari. Ran da aka ɗaura mata aure ina nan, amma ran da ta yi ɓari na fari ina yanka albasa a Mbur. Ban faɗa wa kowa ba, amma na yi wa kaina alkawari, wannan karon ko a zaure ne sai ta ji tarina a gidan.

Na tambayi Madam saura kwana nawa. Ta ce watakila sati shida, watakila bakwai, ruwan sanyi ba ya gaggawa. Na lissafa da yatsu, na sa kwanakin hanya. Ko in riska, ko in makara da kaɗan. Na zauna gaban tanki ina kallon baiwar Allah, ta rame, fatarta ta koɗe. Sai shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni da hular malamai. Ya ce, Mati, ka ga na ɗumi sun riga fashewa. Ka ga kuma wannan sanyi zai kashe ta. In ka taimaka mata ka taimaki kanka, lada biyu.

Madam takwas take zuwa. Ni kuwa da na idar da sallar safe sai in ɗebo ruwan teku, don na san na famfo ba ya yi masu, in ɗora kan gaz a babbar tukunya. Ba na bari ya yi zafi, da gwiwar hannu nake gwadawa kamar yadda na ga ungozoma na yi wa jariri. In zuba a hankali ta gefen tulu. Ganyen dogon yaro ne kawai ban sa ba, shi ma don kar launi ya tona ni. Da ɗumin ya kai gare ta sai ta rikiɗe daga fari ta koma ja. Na ce ka gani, jini ya fara gudu. Har sannu nake yi mata. Kafin takwas injin ya mayar da ruwa yadda yake, na wanke tukunya na kife.

Sati uku ina wannan aikin lada. Ran nan da safe na iske ruwa ya cika da ƴaƴa. Na yi hamdala, na ɗaure jakata, na je kasuwa na sayi ɗan zanen goyo.

Madam ta zo ta tsaya gaban tanki, ba ta yi murna ba. Ta ƙirga kwanaki a littafinta, ta sake ƙirgawa. Sai ta naɗe hannun riga ta ciro wani ɗan abu kamar gidan ashana da ke manne a bayan tulu. Ni duk zamana na ɗauka maganin tsatsa ne. Ta jona shi da ordinatar, kwamfutarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Pa Mati, zo ka gani."

Layi ne ya taho a miƙe, sai ya fara haƙora kamar zarto.

"Wannan abin yana rubuta zafin ruwa dare da rana," in ji ta. "Kowace safiya, shida da rabi, ruwa ya hau. Kowace safiya. Sai rana ɗaya." Ta ɗora yatsa a kan wani giɓi. "Ran Talatar nan ina kake?"

Ran Talatar nan ina lopital, asibiti, ana cire mini haƙori. Ita da kanta ta kai ni.

Na yi niyyar ɗora wa injin, na yi niyyar ɗora wa aljanun teku. Da na dubi fuskarta sai na kasa. Na faɗa mata duka, da Faransancina mai ɗingishi, wankan jego da kwana arba'in da yarinyar nan. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Mu ma muna gasa wa maijego jiki," ta ce. "Kakata ta yi wa uwata. Amma wannan ba mutum ba ce, Pa. Jan da ka ga tana yi ba godiya ba ce, wahala ce." Ta rufe littafinta. "Wata biyar na aikina. Masunta na jiran in ba su magana kafin su tsayar da hutun bana. Yanzu na sanyin ba ni da abin faɗi. Da ka bari, saura sati uku ne."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce alkawari alkawari ne, gobe za ta yanka mini tikiti, ita za ta nemi wata uwar ta sake daga farko. Ta juya tana goge tabarau da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

Bayan kwana biyu wadda na yi wa wankan ta mutu, daidai yadda sauran suka mutu.

Alhaji Idi ya yi dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunsa. "Ungozomar teku! Kai Mati, ba ka ji an ce abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri na sanyi ma ya dafa shi ba? To karɓi tikitinka ka tahi, tunda ta yafe."

Na kira Hajo don in ce ina tafe. Tsautsayi ya sa na ba ta labarin, ina tsammanin ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Malam, ɗiyar mutane ta ba ka ci ta ba ka wurin kwana, ka ɓata mata aiki, kuma ka ɗauko jaka?"

"To ai yarinyar nan..."

"Yarinyar nan mi za ka yi mata? Kai za ka yi naƙudar? Shekara talatin kana zubarwa ina kwashewa. Wannan ba ni kusa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Ta kashe.

Na kwance jakata.

Samun wata uwar sai an shiga teku, a ɗago tulu da ita a ciki ba tare da ta firgita ta fice ba. Masuntan wurin sun iya kamu na sayarwa, ba su saba da lallashi ba. Ni kuwa na san yadda muke kai tarwaɗa da rai kasuwar Maradi. Na ce a ba ni tsumma da babban baho. Na shiga kwale-kwalen nan da na rantse ba ni ba shi. Sau uku muna fita. Na yi amai a duka ukun, masu jirgi na kirana da sunan da Alhaji ya raɗa mini, don labari ya riga ya zaga kasuwa. A fita ta uku aka ɗago tulu mai nauyi, na rufe bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma tun yana cikin ruwa, na rungume baho har gaɓa. Amai ya zo mini na haɗiye shi, don ba hannun da zan riƙe gefen jirgi.

Ta zuba ƙwanta bayan kwana biyar. Daga nan sai zama.

Ban taɓa sanin jira aiki ne ba sai a ɗakin nan. In share, in duba famfo, in zauna. Ita tana shafa ƙwanta, ni ina kallonta. Tukunyar nan na mayar wa Alhaji don kar mu haɗa ido. Madam ta koma yi mini magana kaɗan-kaɗan, har ta koya mini karanta tarmometir, wai tunda ina son zafin ruwa gara in san lambarsa.

Ina zaune nan wata Laraba da hantsi Alhaji ya aiko a kira ni. Hajo ce. "An sauka. Mace. Ta sha wuya, amma suna lafiya su biyun." Na ce alhamdu lillahi, na ce a gaishe su. Na koma na zauna gaban tanki. Ran nan ba albasa kusa, haka na bar abin ya zubo.

Aka yi suna ina duba famfo. Uwar tulu ta cika kwanakinta daidai yadda Allah Ya yanka mata, ba wanda ya taɓa ta. Layin ordinatar ya fito a miƙe kamar zaren magini. Madam ta rubuta lambarta, ta kai wa masunta. Da ta raka ni gar ta ba ni ƙullin sabulu da man kaɗe na maijego, ta ce, "Pa Mati, in ka je, bar mata su yi aikinsu."

Kwana biyar a hanya. A Kayes na leƙa inda Mai Ƙanzo ke zama, na iske mai gyaran taya.

Na shiga Madarumfa da hantsi ran da jego ke cika kwana arba'in. A tsakar gida tukunyar wanka na kan wuta, ta ƙarshe, ganye na juyawa a ciki. Hajo na tsugune tana gyara itace. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da hanya. Ka rame." Na matsa kusa da tukunya, hannuna ya miƙa da kansa. Ta buge shi da muciya.

"Cire hannunka. Mun ji labari."

Aka kawo mini jaririya na yi mata addu'a, na ba da zanen goyo. Uwarta ta gaishe ni daga bakin ɗaki, kanta a ƙasa, na amsa ina kallon bango kamar yadda ya kamata. Na koma zaure na ɗauko wani yagaggen taru na shimfiɗa a gwiwa, wai ina ɗinki. Daga inda nake ana hango ƙofar ɗakinta. Bayan wanka aka kai mata kwanon kunun kanwa da gasasshen nama. Ta zauna da ɗiyarta a cinya, ta ja kwano gabanta, ta fara sha.

Ko ƙulli ɗaya ban yi a tarun nan ba. Ban tashi ba sai da na ji ludayi na kankarar gindin kwano.